Lalle a Matsayin Shinge: Nazari Daga Garin Karu

Gabatarwa

Da zarar an ambaci lalle a gaban ɗalibin Hausa, abin da yake fara faɗo masa a rai shi ne biki: kamu, da sa lalle, da ƙunshi, da ƙawayen amarya. Haka aka koyar da mu a darasin al'ada, kuma gaskiya ne. Sai dai kafin lalle ya zama gari a cikin kwano, itace ne mai rai, mai saiwa da rassa da fure da 'ya'ya, wanda Bahaushe ya daɗe yana dasawa a gefen garka da bayan gida domin ya tsare masa iyaka. Wannan muƙala za ta dubi lalle ta wannan fuskar da ba a cika kulawa da ita ba, wato matsayinsa na shinge mai rai. Za a ga yadda ake dasa shi, da yadda ake renonsa har ya yi fure ya yi 'ya'ya, da irin halittun da suke cin moriyarsa. A kan hanya za mu riƙa tsintar kalmomin da suka shafi wannan aiki, domin da yawa daga cikinsu sun fara ɓacewa daga bakin 'yan birni. Na ɗauko misalaina daga Karu da ke Babban Birnin Tarayya, Abuja, saboda nan na fi sani, kuma nan nake ganin buƙatar ta fi tsanani.

Karu da Katangunta

Karu tsohon garin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa suka saba kira Gwari, ko da yake su sun fi son a kira su da sunansu na asali. Ya kamata mai karatu ya sani cewa Karu biyu ce a manne da juna. Akwai wadda take cikin yankin Birnin Tarayya, maƙwabciyar Nyanya da Jikwoyi, akwai kuma ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, wadda ta ƙunshi Mararraba da Masaka. Ta farkon nake nufi, amma duk abin da zan faɗa ya shafi ta biyun.

An ƙirƙiri yankin Birnin Tarayya a shekarar 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, sannan gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, zamanin Janar Ibrahim Babangida. Tun daga nan ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin haya a Garki da Wuse da Maitama ya fi ƙarfinsu suka riƙa kwararowa garuruwan gefe irin su Karu. Rushe-rushen da aka yi a cikin birnin tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, ya ƙara yawan masu tahowa. Gonakin doya da dawa suka koma filotai. Kowane filoti aka zagaye shi da katangar bulo, aka dasa mata fasassun kwalabe ko waya a ka, aka kuma malale tsakar gida da siminti saboda gudun taɓo. Wanda ya taɓa kwana a irin wannan gida a watan Maris ya san sakamakon: katanga da daɓe su wuni suna shan rana, da dare kuma su amayar da zafin a kan masu gida. Ruwan sama ba ya samun inda zai nutse, sai ya bi lungu yana zaizayar hanya. Tsuntsu kuwa ba shi da wurin sauka sai wayar lantarki.

Ba ina cewa a rushe katanga ba ne. Wanda ya san halin tsaro ba zai ba da wannan shawara ba. Abin da nake cewa shi ne akwai wurare da dama da tsiro zai iya yin aikin da ake sa bulo ya yi: gaban gida ta bakin titi, tsakanin sashen mai gida da na 'yan haya, kewayen masallacin unguwa ko coci, harabar makarantar firamare, da jikin ita kanta katangar ta ciki, inda ganye zai kare ta daga rana.

Katanga, Danga, Shinge

Hausa tana da kalmomi daban-daban na abin da ake kewaye wuri da shi, kuma kowace da inda ta dosa. Katanga ginin ƙasa ce ko na bulo. Danga da darni da karan dawa ake yin su, shi ya sa duk shekara ko biyu sai an sabunta. Zana saƙar ciyawa ce, galibi gamba, wadda ake jingina wa dirkoki. Shinge kuwa ya fi su faɗin ma'ana. Ana yin sa da busasshiyar ƙaya da aka sare aka jera, ana kuma yin sa da tsirran da aka dasa a layi suka girma suka sarƙe. Wannan na biyun ne ake kira shinge mai rai.

Wanda ya bi ƙauyukan Kano da Katsina zai ga burtali, wato hanyar shanu da ta ratsa tsakanin gonaki, an tsare ta dama da hagu da aguwa, wadda ake sarar reshenta a kafa ya kama. Akwai dashi. Akwai magarya mai ƙaya da 'ya'yan da yara suke so, wadda sunanta ya shiga maganar nan ta "magaryar tuƙewa". Akwai bini da zugu, wasu su ce cini da zugu, wanda sunansa ma gargaɗi ne, domin zugu farin ƙyalle ne na saƙi da ake likkafani da shi, 'ya'yan itacen kuma guba ne. Wani likita ɗan Sukotland mai suna Dalziel ya tattara irin waɗannan sunaye cikin ɗan littafinsa na sunayen tsirrai a Hausa tun shekarar 1916. Ke nan shinge mai rai ba baƙon abu ba ne da ya zo da gine-ginen zamani.

Yalo Bush

Yau idan ka je wajen masu sayar da fulawa a bakin titunan Abuja ka ce kana son abin shinge, abin da za a fara miƙo maka shi ne "yalo bush". (Kalmar fulawa ita ma abin lura ce: garin alkama fulawa, tsiron ado ma fulawa, kalmomi biyu ne na Ingilishi suka faɗa rami guda da suka shigo Hausa.) Shi ne ɗan tsiron nan mai ganye ruwan ɗorawa da ake gani an aske shi tas a gaban bankuna da otal-otal da shataletale. Masana tsirrai suna kiran sa Duranta erecta, an sa masa sunan wani likita ɗan Italiya na ƙarni na 16, Castore Durante. Asalinsa daga Meziko ne zuwa Kudancin Amurka da tsibiran Karebiyan. Ba shi da suna a Hausa da na taɓa ji, sai wannan na aro.

Dole a yaba masa. Yana da araha, yana kamawa da wuri, yana jure aski. Idan aka bar shi ya sake, yakan fitar da ƙananan furanni masu ruwan shuɗi-shuɗi da malam-buɗe-littafi yake so, sannan ya yi 'ya'ya zube-zube kamar duwatsun wuya na zinariya, waɗanda tsuntsaye suke ci ba abin da ya same su. Matsalar tana nan: ganyensa da 'ya'yansa guba ne ga mutum da kare da kyanwa, kuma an samu rahotannin mutuwar yara da suka ci 'ya'yan a wasu ƙasashe. Gidan Karu kuwa gidan yara ne. Saboda haka mai yalo bush yana tsakanin abu biyu: ya aske shi kullum ya zama katangar ganye da ba ta ciyar da kowa, ko ya bar shi ya yi 'ya'ya masu ɗaukar ido a daidai tsayin hannun ɗan shekara uku. Kimbar maharba, wadda wasu suke dasawa saboda furenta mai launi-launi, ita ma haka take. Ɗanyun 'ya'yanta guba ne, ganyenta yana cutar da shanu, ga ta da mamaye wuri.

Wannan ne ya sa nake ganin lalle ya fi dacewa da gidan da ake zaune a ciki da iyali.

Sunan Lalle

Mu da muka koyi Hausa a kasuwa da makaranta mun san cewa rubutu ba ya raba "lalle" na ƙunshi da "lalle" mai ma'anar tabbas, wanda ake kuma cewa "lallai". Karin sauti ne yake raba su. A sunan itacen, gaɓar farko tana sama, ta biyu ta sauka ƙasa. A ɗayan kuwa gaɓoɓin biyu duk suna sama. "Lale" na lale marhabin daban yake, domin baƙin l ɗinsa na tsakiya guda ne, wasalin farko kuma dogo. Lalle namiji ne a jinsi, shi ya sa ake cewa lallen amarya, jan lalle, lalle ya kama.

Abin sha'awa shi ne asalin kalmar. Yawancin kalmomin aure na addini Hausa daga Larabci ta aro su: sadaki, waliyyi, idda, talaƙi. Sunan wannan itace a Larabci hinna'u ne, kuma Sawahili ta are shi ta ce hina. Hausa ba ta bi wannan hanya ba. Masu nazari suna danganta kalmar da anella ta harshen Buzaye, kuma ana samun 'yan'uwanta a harsunan maƙwabta: Barebari su ce nalle, Fulani su ce nalli, Yarabawa su ce laali. Wannan yana nuna cewa ta hanyar fataken Sahara itacen ko al'adar amfani da shi ta yaɗu a wannan yanki. Tarihi ma ya goyi bayan daɗewarsa a Afirka ta Yamma, domin malamin nan na Andalus, al-Bakri, wanda ya yi rubutu a shekarar 1068, ya ambaci itatuwan lalle masu yawan amfani a birnin Audagust, cikin ƙasar Muritaniya ta yau. A kusa da mu kuma, Baba ta Karo ta bayyana yadda ake sa lalle a bukukuwan ƙasar Zazzau cikin labarin rayuwarta da Mary Smith ta buga a 1954. A kula, Karo ta Baba daban, Karu tamu daban.

Sunansa na kimiyya Lawsonia inermis. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Siwidin, Linniyus, shi ya raɗa masa a 1753 don girmama abokinsa Isaac Lawson, likita ɗan Sukotland. Kalma ta biyun Latin ce, ma'anarta "marar makami", wato marar ƙaya. Linniyus ya ɗauka iri biyu ne, mai ƙaya da marar ƙaya, har ya ba kowanne suna. Daga baya aka gane itace ɗaya ne: yana ƙarami rassansa suna da laushi, idan ya manyanta sai ƙarshen ƙananan rassan ya bushe ya yi tsini kamar ƙaya. Ga mai son shinge wannan labari ne mai daɗi, domin yana nufin shingen lalle yana ƙara tsaro ne gwargwadon tsufansa.

Kamanninsa

Lalle yakan kai mita 2 zuwa 6 idan ba a taɓa shi ba, da rassa masu yawa tun daga gindi. Ganyensa ƙanana ne masu tsini, suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna. Furensa ƙanana ne ƙwarai, fari ko mai ɗan ja-ja, suna fitowa cunkus a ƙarshen reshe, kuma ƙamshinsu yana da ƙarfi musamman da yamma. A Indiya har turare ake tatsa daga gare su. Bayan fure sai 'ya'ya, ƙananan ƙwallaye da ba su wuce ƙwayar wake ba, kore da farko, su koma ruwan ƙasa idan sun bushe. Kowane ɗa yana ɗauke da ƙwayoyin iri fiye da 30.

Itacen zafi ne. Ya fi jin daɗi inda zafi yake kai digiri 35 zuwa sama, sanyi mai tsanani kuma yana kashe shi, amma hunturun Karu bai kai nan ba. Idan rani ya yi tsawo yakan zubar da wani ɓangare na ganyensa ya yi kamar ya mutu, da ruwan farko ya sauka sai ya yi toho.

Shuka da Dashe

A nan ma akwai darasin harshe. Ana shuka iri, ana dasa reshe ko tsiron da aka ciro daga wani wuri. Wanda ya ce ya shuka reshe, Bahaushe zai gane shi, amma zai san baƙo ne. Daga dasa aka samu dashe, kuma idan abin ya yi saiwa ya rayu sai a ce dashe ya kama. Lalle yana karɓar hanyoyin biyu.

Hanyar iri ta fi wahala, domin ƙwayar tana da tauri. Manoman lalle sukan jiƙa irin kwana 3 zuwa 7 suna sauya ruwan kullum, sannan su ƙunshe shi a jiƙaƙƙen tsumma har ya fara tsagewa, kafin su yafa shi a fangali. Sai bayan wata 4 ko 5, idan tsiron ya kai kamar kamu guda, ake cire shi a rage masa tsawo a kai shi mazauninsa. Kamun da nake nufi a nan shi ne awo daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, ba kamun amarya ba, ko da yake lalle ya haɗa su.

Ga mai gida a Karu, reshe ya fi sauƙi. A nemi tsohon lalle mai lafiya a roƙi mai shi. A yanko rassan da suka fara ƙwari, masu kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya da ɗan ɗori, kowanne da idanu 6 zuwa 8. Ido shi ne ɗan kumburin da ganye ko toho yake fitowa daga gare shi. A zage ganyen ƙasa, a kafa rabin reshen cikin ƙasa, a tabbata ba a juya shi kai ƙasa ba. Wanda yake da hali ya fara kafa su a ledar fiya-wata da aka huda aka cika da ƙasa, ya ajiye a inuwa, in sun yi toho sosai ya mayar da su layi. Ta haka zai san waɗanda suka kama kafin ya ɓata wuri, ga shi kuma ya rage ledar da take toshe magudanun ruwa.

Lokaci yana da muhimmanci. Damina a Karu takan fara a watan Afrilu ta kai Oktoba, kuma ruwanta ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Ruwan Afrilu mayaudari ne, yakan sauka sau ɗaya ya ɗauke mako biyu. A bari sai ƙarshen Mayu ko Yuni, lokacin da ruwa ya zauna. Kada kuma a kai Agusta, domin a lokacin ƙasa ta ƙoshi, reshen da bai yi saiwa ba ruɓewa yake yi. Inda ruwa yake kwanciya a ɗaga kunya a dasa a kanta.

Ƙasar yawancin filotan Karu ja ce mai tsakuwa, wani wuri da marmara, ga ɓaraguzan bulo da siminti da magina suka binne. Maimakon a haƙa rami ɗaya-ɗaya, gara a ja dogon rami mai zurfin kamu guda da faɗin taƙi biyu, a tsince ɓaraguzan, a cakuɗa ƙasar da taki. Kashin shanu daga mayanka ko kashin kaji duk suna yi, da sharaɗin sun ruɓe sun huce, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Tsakanin dashe da dashe a bar taƙi biyu. Mai son shinge mai kauri ya yi layi biyu, ya sa na bayan su toshe giɓin na gaban. Idan a jikin katanga ne, a ja baya da kamu biyu saboda tushen gini, kuma a zaɓi ɓangaren da yake samun rana, domin lalle a inuwa miƙewa yake yi siriri ba ganye.

Maƙiyansa a shekarar farko uku ne: gara, da akuya, da ranin farko. Gara tana bin busasshen reshe, don haka a riƙa cire wanda ya mutu, a barbaɗa toka a gindi. Akuya tana cin ganyensa, sai a kare shi da ƙaya ko tsohuwar ragar waya har ya fi ƙarfinta. Ranin farko kuwa yana buƙatar ban-ruwa sau biyu a mako. Na san a Karu ruwa kuɗi ne, ana sayen sa jarka-jarka daga 'yan ga-ruwa, amma ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa, in dai ba mai sabulun wanki ba ne. Bayan wannan shekara lalle ba ya ƙara neman ruwa a wurin kowa. Wannan kaɗai ya isa ya fifita shi a kan yawancin fulawar da ake sayarwa, waɗanda suke bushewa da zarar mai gida ya yi tafiyar mako biyu a watan Fabrairu.

Aski da Fure

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan dashe ya kai gwiwa, a datse kansa. Mutum zai ji kamar ya yi ɓarna, amma wannan ne yake sa shi fitar da rassa ta gefe ya cika tun daga ƙasa. Wanda ya ji tausayinsa a wannan mataki zai samu dogayen sanduna masu ganye a sama, kaji suna wucewa ta ƙasa. A maimaita datsar sau biyu ko uku a damina ta biyu. A kuma siffanta shingen ya zama gindinsa ya fi kansa faɗi, domin rana ta samu ganyen ƙasa.

Daga nan ne ra'ayina ya saɓa da na masu aikin fulawa na Abuja. Su a wurinsu shinge mai kyau shi ne wanda aka daidaita kamar akwati, ba ganye ɗaya da ya ɗaga kai. To lalle a ƙarshen reshe yake fure. Duk wanda yake bin sa da almakashi kowane mako biyu yana yanke furen ne tun bai fito ba, kuma inda ba fure ba 'ya'ya. Dabarar ita ce a raba aikin: a aske gefen da yake kallon hanya domin kada ya tsone wa masu wucewa ido, a bar kai da gefen cikin gida su sake. Ko kuma a bar kowane itace na biyar ko na shida ya tashi ya zarce sauran ya zama ɗan ƙaramin itace. Babban aski a yi shi sau ɗaya a shekara, a ƙarshen rani bayan 'ya'yan sun bushe, kafin sabon toho. Kafin a sa almakashi a leƙa ciki, domin mai yiwuwa akwai sheƙa.

Wanda ya yi haka zai ga baƙi. Ƙudan zuma ne suke fara zuwa da sassafe, sai malam-buɗe-littafi da ƙananan ƙwari iri-iri. Ƙwari kuma su ne suke jawo masu cin su: gizo-gizo, da ƙoƙi-ƙoƙi, da ƙadangare, wani lokaci har da hawainiya. Tsuntsaye suna cin 'ya'yan lalle, kuma ana kyautata zaton su ne suke yaɗa irinsa. Sarƙaƙƙun rassansa masu tsini mafaka ce ga ƙananan tsuntsaye irin su tsada da gwara, kurciya kuma takan yi kiwo a gindinsa. Akwai ɗan tsuntsun nan mai dogon baki lanƙwasasshe da ake kira sha-huda. Huda ita ce furen itace, don haka sunan nasa bayanin sana'arsa ne, harɗaɗɗen suna na aikatau da karɓau. Yaron da ya tashi a gidan siminti zai iya haddace wannan suna don jarrabawa, amma ba zai san abin da ake nufi ba sai ya ga tsuntsun a kan fure. Ɗan kasko da ruwa a gindin shingen, ana sauya ruwan kullum, yana ninka yawan masu zuwa a lokacin rani.

Tambayar da iyaye mata suke fara yi ita ce ta maciji, kuma tambaya ce mai ma'ana. Abin da yake kawo maciji gida shi ne ɓera da tarin shara da duhuwar ciyawa. A share gindin shinge, kada a mai da shi juji, kada a jibge itacen girki ko tsofaffin bulo a jikinsa. Sauro kuwa a ruwa yake ƙyanƙyasa, ba a ganye ba, ko da yake yakan laɓe a inuwa da rana. Gwangwani da tsohuwar taya da suka tara ruwa su ne abin nema.

Ganyen

Abin da aka aske ba shara ba ne. A shanya ganyen a inuwa, a daka, a tankaɗe, ga lallen gida. Ƙananan ganyen saman reshe sun fi rini. Gaskiya lallen da ya tashi a wuri mai zafi da ƙarancin ruwa ya fi kamawa, shi ya sa garin Sojat da ke jihar Rajastan ta Indiya, a bakin hamada, ya shahara da nomansa, shi ya sa kuma mata suke yabon na arewa. Na Karu zai fi ja idan an tsinke shi bayan ɗaukewar ruwa, ba a tsakiyar damina ba.

Rinin da yake cikin ganyen ja ne zuwa ruwan goro, ba ya yin baƙi ƙirin shi kaɗai. Baƙin lallen da ake zane da shi a yau sau da yawa an haɗa shi da sinadarin rinin gashi, wanda yake sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje har da tabo. Shi kansa jan lallen likitoci sun yi gargaɗi kada a shafa wa jarirai, domin yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, kuma wannan hali ya yawaita a Nijeriya.

Saura 'yan haya, waɗanda su ne mafi yawa a Karu, kuma ba su da ikon fasa simintin mai gida. Lalle yana rayuwa a cikin tsohon bokitin fenti mai cin lita 20, in an huda gindinsa an zuba tsakuwa kafin ƙasa. Bokiti biyar ko shida a jere a gaban baranda suna tsare ɗaki daga idon masu wucewa. Sai dai na bokiti yana son ruwa duk bayan kwana biyu da rani, da ɗan sabon taki a farkon kowace damina. Ranar tashi kuma a rage masa rassa, a ɗora shi a mota tare da sauran kaya.